Garin Ƙarfe a Jinin Ok-bun

Tak Ok-bun ta yi shekara talatin da ɗaya tana sayar da kunun jan wake a layin 'yan abinci na tsohuwar kasuwar birnin Mokpo da ke bakin teku, ba a taɓa dawo mata da kwano da saura ba, sai a kakar da ta cika shekara sittin da tara. Wata Talata ta zuba gishiri a tukunya, ta juya ta gaisa da mai kawo mata wake, ta dawo ta sake zubawa, can kuma ta ƙara na uku. Wani direban tasi da ya fi shekara goma yana karyawa a wurinta ya kai cokali baki, ya runtse ido, ya haɗiye da ƙyar.

"Inna, yau ruwan teku kika dama mana?"

Ba ta ma ji shi ba, sai da ya maimaita da ƙarfi. Abin da ya fi damunta ke nan. Wata shida kunnuwanta suna kukan gyare ba hutu, hannunta na rawa idan ta ɗaga ludayi, gajiya kuma tun hantsi take danne ta kamar wadda ta wuni dakon buhu. Sunayen mutanen da ta sani tun ƙuruciya sai su sulale mata tana kallon fuskarsu. A ganinta ta san sunan wannan ciwo, domin ita ta yi jinyar mahaifiyarta shekara shida da gigin tsufa, har tsohuwar ta bar duniya tana tambayar 'yar cikinta ko ita 'yar gidan wane ce.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta sayi ɗan littafi ta shiga rubuta abubuwa tun tana iyawa: yadda ake jiƙa wake, lokacin da ake jefa dunƙulen shinkafa a tukunya, inda takardun gida suke, ranakun da ake yi wa iyayen mijinta girkin tunawa. Wata Lahadi ma ta ce za ta gidan wanka, ta hau bas ta tafi bayan gari ta leƙa wani gidan kula da tsofaffi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta karanta jerin abincin da suke ci a mako, ta ga ba laifi, ta juyo gida.

Mijinta, Bang Man-sik, abu biyu kawai ya lura da su. Na farko, ta daina amsa masa magana. Ya ɗauka fushi take yi, ya zauna ya lalubi laifinsa, ya samu da yawa, ya rasa wanne ne. Na biyu, ƙarar da kwatangwalonta yake yi. Shekara takwas da suka wuce gaɓar wurin ta cinye, aka yi mata aiki aka sa ta ƙarfe, an ce sabon samfuri ne daga waje, mai ƙarko har ƙarshen rayuwa. Shi kuwa Man-sik shekara arba'in ya yi a ɗakin injin jiragen fito masu zuwa tsibirai, kunnensa ba ya wuce ƙarar ƙarfe.

"Maman Hye-ran, tsaya. Sake taka matakalar nan."

"Me ka ce?"

"Na ce sake takawa! Kin ji? Ƙiii. Ƙarfe ne yake cin ƙarfe. Da inji ne, da tuni na kashe shi na buɗe."

"To ɗauko giris ka shafa min mana, bakanike."

"Ni dai na faɗa."

Shekara biyu yana faɗa, ba mai saurarensa.

Kwana uku bayan abin gishirin, wajen azahar, sai ga wata mata gajera mai faɗi da hular rana ta ratso layin tana ture mutane da jaka. Yeom Jeom-sun ce, manomiyar alayyafo daga tsibiri, wadda suka kwanta gado da gado a asibiti lokacin aikin. Rana ɗaya aka yi musu, likita ɗaya, suka koyi tafiya tare a baranda suna zagin juna. Jeom-sun ta girme ta da shekara shida, tun daga lokacin Ok-bun take ce mata Yaya.

"Ke! Wayarki ta mutu ne ko ke kika mutu? Sau bakwai ina kira."

"Yaya, zauna ki sha kunu. Wayar ce ba na ji."

"Ba kunu ya kawo ni ba. Zuba dai." Ta zaro wani farin ambulan da ya sha ninki ta buga a kan tebur. "Kin samu irin wannan?"

Ok-bun ba ta samu ba. Sun bar tsohon gidansu shekara biyar da suka wuce, wasiƙar can ta tafi ta koma inda ta fito. Jeom-sun ta kai bakinta kusa da kunnenta ta karanta mata da muryar da duk layin ya ji. Kamfanin da ya ƙera ƙarfen ya janye shi daga kasuwa, saboda an gano yana lalacewa da wuri a jikin mutane da yawa. Duk wanda aka sa wa ya je a auna jininsa, a ɗauki hoton wurin.

"Ni na je. An ce nawa yana zaune lafiya, jinina fes, in riƙa zuwa duk shekara a duba. Ke kuwa dubi yadda kika koma, kamar kabejin da aka manta a rana. Rufe tukunyar nan."

"Yaya, akwai mutane suna ci."

"Kai, mai tasi, ka iya riƙe ludayi? To riƙe."

Sati biyu aka ɗauka ana gwaje-gwaje. Aka ɗibi jini, aka sa ta cikin na'urar ɗaukar hoto, aka duba zuciya da maƙogwaro da idanu, aka toshe mata kunne da abin sauraro aka ce ta danna in ta ji ƙara. Ranar da aka ce a duba ƙwaƙwalwa, da kanta ta ce wa Man-sik ya jira a waje.

Ranar sakamako su uku suka shiga, domin Jeom-sun ta ce ba ta hau jirgin asuba don ta zauna a benci ba. Likita Wi mace ce mai kimanin shekara arba'in, ba ita ta yi aikin farko ba, wanda ya yi shi ya yi ritaya. Ta juyo musu da allon kwamfuta.

"Mama, gaɓar da aka sa miki ƙwallo ce a cikin kofi, kuma duka biyun ƙarfe ne. Duk takun da kika yi suna gogar juna, garin ƙarfe yana zuba. Kin ga wannan baƙin wurin? Ruwa ne ya taru, naman da ke kewaye ya fara lalacewa. Wani ɓangaren garin kuma ya narke ya shiga jini. Akwai wani ƙarfe da ake kira kobal, naki ya ninka abin da muke yarda da shi sau da yawa. Idan ya yi yawa haka yana iya taɓa ji da gani, da zuciya, ya kawo rawar hannu da kasala da mantuwa."

Ok-bun ta dafa tebur. "Likita, maimaita na ƙarshen."

"Mantuwa."

"Hoton kaina fa?"

"Ban ga alamar gigin tsufa a ciki ba. Ba zan yi miki alkawarin komai zai dawo ba, musamman ji. Amma abin da nake zargi shi ne ƙarfen, kuma shi ana iya cire shi. Zuciyarki ma mun same ta da wuri, ba ta taɓu sosai ba."

Ok-bun ta ɗago kai. Sai dariya ta kuɓuce mata. Ta rufe baki da hannu, dariyar ta ƙi tsayawa, hawaye suka biyo baya, ta kama hannun likitar da hannu biyu tana jijjigawa.

"Guba ce! Yaya, kin ji? Guba ce kawai a jinina!"

"Na ga mahaukata a duniya," in ji Jeom-sun, ita ma tana share ido da gefen hularta, "amma ban taɓa ganin wadda aka ce mata da guba a jiki ta yi murna ba."

Man-sik ya kalli wannan ya kalli waccan. "Wane gigin tsufa kuma? Wa ya ce tana da gigin tsufa?"

A bakin asibitin, a kan benci ƙarƙashin wata bishiya, ta ciro ɗan littafin daga jaka ta miƙa masa. Ya sa tabarau ya buɗe. Ya karanta shafin wake, ya karanta shafin takardu, ya kai inda ta rubuta cewa Baban Hye-ran ba ya son a sa masa albasa ɗanya amma ba zai faɗa ba, duk mai yi masa girki bayanta ya kiyaye. Ya rufe littafin, ya daɗe yana kallon motocin da ke wucewa. Ta gaya masa har zancen gidan tsofaffin.

"Ke kaɗai kika hau bas kika je?"

"Abincinsu ba laifi."

"Shekara arba'in da huɗu muna tare, ki rasa wanda za ki gaya wa sai littafi." Ya fyace hanci da ƙarfi. Can sai ya ɗago, fuskarsa ta washe kamar an kunna fitila. "Tsaya ma tukuna. Me likitar nan ta ce? Ƙarfe yana gogar ƙarfe? Wa ya fara faɗa?"

"Kai ne."

"Ban ji ba. Ni ma kunnena ya fara."

"Na ce kai ne, bakanike!"

Kafin rana ta faɗi ya gaya wa mai gadin gidansu, da mai wanki, da 'yarsu Hye-ran a waya har sau biyu, cewa abin da na'urorin asibiti suka gano yau shi da kunne ya gano tun shekara biyu.

Ba a yi mako ba wani mutum mai baƙar kwat ya zo gida da kwandon 'ya'yan itace, ya ce daga ofishin da ke kula da marasa lafiyar kamfanin yake. Ya rusuna har sau uku. Ya ce kamfani zai ɗauki nauyin sabon aikin, abin da ake bukata kawai ta buga hatiminta na sa hannu a shafin ƙarshe na takardar da ya kawo. Ya ƙara da cewa idan an cire tsohon ƙarfen za su karɓa don bincike. Man-sik ya ga mutum mai ladabi, har ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko hatimin matarsa da jan tawada. Ok-bun ta dubi takardar, shafi tara da ƙananan rubutu, ta ce a bar mata ta kwana biyu, idonta ba ya gani sosai.

Da ta kira Jeom-sun, sai da ta nisanta wayar daga kunne.

"Kada ki kuskura! Ki zauna a kan hatimin nan in ta kama. Akwai wata lauya da ke tara masu irin ƙarfenmu, gobe zan zo mu je."

Ofishin Lauya Pyeon yana hawa na biyu a saman wani shagon tabarau kusa da kotu. Doguwa ce siririya, tana magana a hankali, ta zauna ta gefen kunnen Ok-bun mai ɗan dama-dama ba tare da an gaya mata ba. Ta karanta shafi taran nan tana jan layi da fensir, ta juyo da shafi na bakwai.

"Mama, ga shi nan. Sun ce za su yi miki aikin, wannan gaskiya ne. Amma layin nan yana cewa daga ranar da kika buga hatimi kin yafe duk wata ƙara, ko da wani ciwon ya fito nan gaba. Idan bayan shekara uku zuciyarki ta nuna wani abu, ba ki da bakin magana."

Man-sik ya sunkuyar da kai, ya mayar da hatimin can cikin aljihun rigarsa.

"Ba na ce kada ki karɓi taimakonsu ba," in ji lauyar. "Kina iya karɓa idan sun cire layin nan, zan rubuta musu. Kina iya shigar da ƙara ke kaɗai, amma doguwar hanya ce, su kuma suna da lauyoyi cike da bene. Ko ki shiga cikin waɗanda na tara mu tafi tare. Kowanne kika zaɓa, kada ki jinkirta aikin saboda shari'a, lafiya ce gaba. Sai dai ki sani doka ta sa wa'adi, ana lissafinsa daga ranar da mutum ya san an cuce shi, in ya wuce ya wuce. Ki karɓo takardun aikinki na farko, akwai lambar ƙarfen a ciki. Ki ajiye kowane sakamakon jini. Ƙarfen kuma, idan an ciro shi, naki ne. Kada ya bi kowa. Asibiti za su rufe shi su sa hannu, shi ne babban shaidarmu."

Ok-bun ta murza yatsunta. "Malama lauya, ni mai kunu ce. Ko ofishin 'yan sanda ban taɓa shiga ba. A cire min abin nan in koma bakin tukunyata, ya ishe ni."

"Hakkinki ne, ba zan matsa miki ba." Lauyar ta rufe fayil ɗin. "Abin da ya fi ci min rai ma ba shari'ar ba ce. A lardin nan an sa wa ɗaruruwan mutane ƙarfen nan, wasiƙu da yawa sun dawo ba a samu masu su ba. Tsofaffi ne, sun tashi, ko sun koma wurin 'ya'yansu. Kamfani ya ce ya aika, ya gama nasa. Ina so kotu ta tilasta musu su nemo su."

A cikin bas suna komawa Ok-bun ta jingina da taga. Tana ta tunanin wata mata da ba ta sani ba, a wani gari, zaune da ɗan littafi tana rubuta yadda ake yi wa mijinta girki. Da suka sauka ta ce wa Man-sik ya biya shagon masu rubuta allon talla.

Washegari aka wayi gari da wani ƙyalle rawaya a saman rumfarta, an rubuta da manyan baƙaƙe: Duk wanda aka sa wa ƙarfe a kwatangwalo shekara bakwai zuwa goma da suka wuce, ya zo ya sha kunu kyauta, akwai magana.

'Yan layin suka yi ta tsiya. Mai soya kifi ta kusa da ita ta ce ita ma tana da ƙarfe a haƙori, ko yana shiga lissafi? Wani tsoho ya zo yana ɗingishi da ƙafar hagu, ya sha kwano biyu, ya tafi yana ɗingishi da ta dama. Amma masu tasi suka kai labari unguwa-unguwa, masu jirgin fito abokan Man-sik suka kai tsibirai. Cikin wata guda mutum goma sha huɗu na gaske suka zo. Man-sik ya ajiye kujera a gefe, yana sa kowa ya tashi ya zauna sau uku, shi kuma ya kara kunne kamar mai sauraron inji.

"Wannan boris ɗinsa ya tafi. Wannan da sauransa, amma a je a duba."

"Baban Hye-ran, kai ba likita ba ne. Ba su takardar asibitin kawai."

A cikinsu har da wani tsohon malamin makaranta mai suna Eom, wanda surukarsa ta riƙo hannunsa ta kawo. Shekara guda ke nan ya daina magana a gida, yana zaune yana kallon bango, 'ya'yansa har sun fara neman masa wurin zama. Jeom-sun ta karɓe shi daga hannun surukar ta kai shi asibiti da kanta, tana yi masa ihu a kunne tun daga kasuwa har bakin ɗakin gwaji. Jininsa ya fi na Ok-bun ɓaci. Cikin sha huɗun nan biyar aka ce sai an sake musu aiki, sauran a riƙa dubawa. Ranar da aka faɗi sakamakon Malam Eom, Ok-bun ta hau hawa na biyun nan da sanda, ta ciro hatiminta da hannunta ta buga a takardar Lauya Pyeon.

An yi mata aikin a farkon sanyi. Ya fi na farko wuya, domin sai da aka kankare naman da ya mutu kafin a sa sabuwar gaɓa ta tangaran da roba mai tauri. Hye-ran ta zo daga Incheon ta yi sati biyu tana dafa mata miyan ganyen teku tana faɗa a kan ɓoye-ɓoye. Da Ok-bun ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya shi ne ƙarfenta. Likita Wi ta kawo shi a cikin roba mai haske, a rufe, da lamba da sa hannu. Man-sik ya ɗaga robar saitin taga yana juyawa, ya ga ƙwallon ya yi zane-zane, gefen kofin ya cinye ya yi baƙi.

"Da yaron da ke ƙarƙashina ne ya haɗa wannan a jirgi, da a tsibiri na farko zan sauke shi."

Sauƙin bai zo da gudu ba. Ta yi wata biyu da keken koyon tafiya, ta yi kuka ranar da ta kasa sa safa da kanta. Amma duk awon jini lambar tana sauka. Rawar hannu ta fara tafiya. Wata safiya a cikin bazara tana yanka albasa sai ta tsaya da wuƙa a hannu, ta rasa abin da ya canza a ɗakin, sai can ta gane gyaren ne ya yi shiru, har tana jin ɗigar famfo. Kunnen hagu bai dawo duka ba, aka sa mata 'yar na'urar ji. Ta ce wannan ma riba ce, in Man-sik ya fara labarin jiragen ruwa sai ta kashe.

Shari'a ta ci shekara biyu. Ranar da aka kira su ba da shaida a babbar kotu, mutum talatin da wani abu suka yi hayar doguwar bas tun da safe, da sanduna da kekuna da kwalayen dafaffen ƙwai da lemo. Ok-bun ta kwana uku tana haddace abin da za ta faɗa, tana shiga ɗakin kotu duk ya gudu daga kanta. Alƙali ya ce ta faɗi abin da ya same ta kawai. Ta faɗa, tun daga kunne har gidan tsofaffi. Lauyan kamfani ya miƙe cikin ladabi.

"Mama, shekarunki saba'in da ɗaya. Ba kya ganin mantuwa abu ne na shekaru?"

"Haka ni ma na ɗauka, ɗana. To amma yanzu na fi wancan lokacin tsufa da shekara biyu, ga shi ina tuna kai ne ka zo zaman farko da jan laktaye, ka ce takardunku sun ɓace a hanya. An same su?"

Ɗakin ya ɗauki dariya, har alƙali ya duƙar da kai yana gyara takardu. Jeom-sun ta tafa sau ɗaya, ma'aikacin kotu ya harare ta.

Ba a kai ga hukunci ba. Wata huɗu bayan haka kamfanin ya nemi sulhu. Lauya Pyeon ta tara su a wani gidan cin abinci a bakin teku ta karanta musu sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ta ce duk wanda bai gamsu ba yana da damar ci gaba da tasa ƙarar, mutum biyu kuwa suka ce za su ci gaba. Za a biya kowa diyya gwargwadon cutar da ya sha, za a ɗauki nauyin awon jini da magani muddin rai, babu layin yafe abin da zai fito nan gaba. Za a kuma sa sanarwa a rediyo da talabijin da asibitocin ƙauye har sai an nemo sauran. Da ta zo nan, Ok-bun ta ajiye tsinken cin abincinta ta rufe fuska da tafin hannu. Man-sik ya zuba mata ruwan sha'ir ya tura gabanta.

Aka kawo gasasshen kifi da farfesun kifin teku mai hannu takwas, aka buɗe kwalabe. Ana cikin ci sai Malam Eom ya miƙe ya buga cokali a kofi. Ya yi ƙiba, ya sa kwat mai ruwan toka, tun da aka cire masa ƙarfen kuwa bakinsa bai huta ba, har surukarsa tana cewa wani lokaci tana kewar shirun.

"Jama'a, ina da sanarwa. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ba a taɓa yi min ihu irin wanda wata baiwar Allah 'yar tsibiri ta yi min ba. Da kunnena ya buɗe sai na tarar muryar ba ta da daɗi ko kaɗan, amma na riga na saba. Saboda haka daga watan gobe zan koma noman alayyafo."

Da aka gane aure yake nufi, wurin ya fashe da shewa. Ok-bun ta juya ta kalli Jeom-sun, wadda ta ja hular ranarta ta rufe fuska har haɓa, kunnuwanta sun yi ja wur.

"Yaya! Tun yaushe?"

"Ke, ci kifinki."

"Shekara saba'in da bakwai, Yaya! Kullum muna waya ba ki faɗa min ba?"

"Ke kin faɗa wa wani naki? Mutumin nan bai iya riƙe fartanya ba, taimako kawai zan yi masa."

"'Ya'yanki sun sani?"

"Babban ya ce in dai ba za a kira shi ya yi jawabi ba, ya yarda."

Man-sik ya miƙe da kofi a hannu ya ce shi zai samo jirgin da zai kai 'yan biki, kyaftin ɗin yaronsa ne. Mai soya kifi, wadda ta biyo su ba gayyata, ta ce ita ce mai kifin biki. Lauya Pyeon ta ce idan ana bukatar takardar yarjejeniya tsakanin ango da amarya za ta rubuta, kuma za ta karanta wa Malam shafi na bakwai da kyau kafin ya buga hatimi.

Wani ya kunna waƙa a na'urar gidan, irin ta da, mai ganga da algaitar turawa. Aka ture tebura gefe. Tsofaffi suka fito fili, masu sanda da marasa sanda, ana ɗaga kafaɗa ana juya hannu. Jeom-sun ta cire hular ta jefa kan kujera, ta kamo Malam Eom da hannu ɗaya, ta miƙo wa Ok-bun ɗayan.

"Taso mana. Likita ta ce ki riƙa motsa ƙafar."

"Tafiya ta ce, Yaya, ba rawa ba."

"To yi tafiyar a nan, kina karkaɗa kafaɗa."

Ok-bun ta jingine sandarta a bango ta shiga fili. Sai da mai gidan abincin ya zo ya roƙe su da girman Allah, ya ce masu cin abincin yamma sun fara taruwa a ƙofa, sannan aka kashe waƙar, aka fita neman takalman da aka cire a bakin ƙofa.